An Mayar Da Maigida Zariya, Babbar 'Yata Kuma Tana Ajin Ƙarshe: Mu Bi Shi Ko Mu Jira?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gombe, 'ya'yana uku. A watan Oktoba aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Zariya, ya riga ya tafi, yana raɓe a ɗakin wani abokin aikinsa. Yanzu ya ce mu haɗa kaya, da an yi hutun Disamba mu biyo shi. Damuwata ita ce babbar 'yata mai shekara 16, ta shiga aji 3 na babbar sakandare, burinta aikin jinya. Mai bi mata namiji ne, yana aji 6 na firamare, autar kuma tana aji 2. Akwai kuma ƙanin maigida da ke hannunmu, ya gama sakandare, sau biyu yana zana JAMB bai samu gurbi ba. Maigida ya ce a bar babbar wurin Hajiyarsa ta ƙarasa, namijin kuma a kai shi makarantar kwana, Barewa ko ta sojoji. Ni ban taɓa rabuwa da 'yata ba, kuma labarin satar ɗalibai ya sa ko sunan makarantar kwana ba na son ji. Da na ce mu jira, sai ya ce na fi son Gombe da shi. Ƙawayena kuma sai zuga ni suke, wai kada in bar miji shi kaɗai a garin 'yan jami'a. Ban san kowa a Zariya ba, balle makarantunsu. Barci ya ƙaurace mini. Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya sanya alheri a wannan canji, ya sa ƙarin girma ne ga maigida da ku baki ɗaya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da na gani shi ne kin tattara damuwa huɗu kin ɗaure su a ɗankwali ɗaya kin ɗora a ka, shi ya sa wuyanki ya ƙage. A cikin huɗun nan guda ɗaya ce kawai ba ta jira, wato maganar babbar 'yarki. Ita ce za ta yanke muku ranar tashi. Sauran duka akwai lokaci.

Ɗalibar da ta shiga ajin ƙarshe na sakandare ba kamar sauran ba ce. Makarantarta ce ke yi mata rajistar WAEC da NECO, makarantar ce kuma ke tura wa hukumar jarrabawa makin gwaje-gwajen da ta tara tun daga aji 1 na babbar sakandare. A can za ta yi jarrabawar gwaji ta ɗakin kimiyya, a hannun malaman da suka san inda take da rauni. Shi ya sa tun da daɗewa makarantun kirki ba sa son karɓar baƙo a wannan aji. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ma ta sanar a Disambar 2025 cewa daga shekarar karatu ta 2026/27 an hana ɗaukar sabon ɗalibi ko karɓar mai canjin makaranta a aji 3 na babbar sakandare, a makarantun gwamnati da na kuɗi, don a toshe ƙofar satar amsa. To idan kuka isa Zariya a Janairu wani mai makaranta ya washe baki ya ce ku kawo ta, ba matsala, a biya kaza za ta ci dukkan darussa, ki riƙe hannun 'yarki ku fita. Irin waɗannan wuraren ne ake riƙe wa sakamako ko a soke shi gaba ɗaya, yarinya ta yi asarar shekara a banza. Mai son aikin jinya kuma tana buƙatar kiredit na gaskiya a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, domin ranar da ta tsaya a kan majinyaci ba wanda zai raɗa mata amsa.

Saboda haka a wannan gaɓa maigidanki ya yi daidai: yarinyar nan a Gombe za ta ƙarasa. Inda na saɓa da shi shi ne maganar wa zai zauna da ita.

Ki ƙirga da yatsunki. WAEC tana kankama wajen Mayu zuwa Yuni, NECO ta biyo baya har cikin Yuli. Daga Janairu zuwa Yuli wata bakwai ne. A cikin wata bakwai ɗin nan namijin ma zai gama firamare ya karɓi takardar shaidarsa a makarantar da ta san shi, autar ta kammala ajinta, sannan ku tashi a dogon hutu, kowa ya fara sabuwar shekarar karatu a Satumba tare da sauran yara. Idan kuka tashi a Disamba, yara biyu za su faɗa tsakiyar shekara, a sayi sabon yunifom da sababbin littattafai, a biya kuɗin shiga, namijin kuma ya yi zango biyu kacal a sake nema masa wata makarantar. In da ni ce, zan zauna da yarana duka har Yuli. Wannan ita ce shawarata ta farko, kuma ita na fi nauyaya.

Amma kada ki ɗauki wannan ki je masa da shi kamar hukuncin alƙali. Ki duba halin da bawan Allahn nan yake ciki. Magidanci ne da ya saba dawowa ya tarar da tuwonsa da hayaniyar 'ya'yansa, yau ga shi a kan katifar aro, yana cin abincin sayarwa, yana wanke kayansa da daddare. Ga ɗora tukunya biyu da albashi ɗaya, ga kuɗin mota duk lokacin da zai zo, Gombe zuwa Zariya kuwa tafiyar wuni ce. Da ya ce kin fi son Gombe da shi, ba zargi ba ne, kewa ce ta fito ta bakin da bai iya faɗinta ba. Yawancin mazanmu haka suke. Idan za ki yi masa magana, kada ki fara da "ni ba zan tafi ba". Ki fara da cewa kina ɗokin tahowa, sannan ki ajiye masa lissafi a takarda: abin da tashin Disamba zai ci, abin da tashin Yuli zai ci, da ranar da hayar gidanku na Gombe za ta ƙare. Namiji ya fi saurin sauka idan ya ga lamba da rana tsayayya. Ki kuma kawo masa mafita a kan kaɗaicin: ya riƙa zuwa duk ƙarshen wata, ke ma a hutun zango na biyu ki bar yara wurin Hajiya ki je ki yi masa mako guda.

Su kuma ƙawaye masu zancen 'yan jami'a, ki yi musu dariya ki wuce. Wanda zai ƙara aure, ko kina zaune a kan cinyarsa zai ƙara. Kada ki sayar da jarrabawar 'yarki saboda tsoron abin da ba ki ga alamarsa ba.

Idan lissafin ya ƙi, misali hayar Gombe ta ƙare kuma ba halin sabuntawa, to zaman yarinyar wurin kakarta ba abin kunya ba ne, ba kuma sabon abu ba ne a gidajen Hausawa. Da yawanmu a hannun kaka muka tashi. Sai dai a yi shi da tsari. Ki tambayi kanki: su wa ke kwana a gidan Hajiya, akwai samari masu shige da fice? Daga can zuwa makaranta hawa nawa ne? Wa ke yin girki da wanke-wanke? Wannan ta ƙarshen ita ce ke kashe karatun 'yan mata a gidan dangi, a wayi gari ɗalibar ajin ƙarshe ta zama mai aikin gida, sai bayan isha'i ta buɗe littafi tana gyangyaɗi. Wannan magana ba daga bakinki za ta fito ba. Maigida ne zai zauna da mahaifiyarsa ya roƙe ta, ya ce ga amana nan, jarrabawa gare ta, a sassauta mata. Ke kuma ki je da kanki ki durƙusa ki yi godiya, ki riƙa aiko da ɗan abin cefane. Kafin duk wannan, ki zaunar da yarinyar ki ji ta bakinta. Mai shekara 16 ta san gidan da take sakewa da wanda ba ta sakewa, kuma in akwai wani dalili da ya sa ba ta son zama can, ba za ta faɗa ba sai an tambaye ta a keɓe.

Akwai hanya ta uku, ta koma aji 2 a Zariya ta maimaita. Ban so ta ba sai in dama karatun nata ya yi rauni sosai.

Yanzu mu zo Zariya. A nan kam ki kwantar da hankalinki, garin ilimi za ki. Matsalarku ba za ta zama rashin makaranta ba, sai dai zaɓi. Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne a nemi makaranta kafin a kama gida. Zariya a warwatse take. Samaru, inda babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take, tana can gefe guda. Cikin birni yana wani gefen. Tsakaninsu ga Kwangila, ga Sabon Gari, ga Tudun Wada, ga Kongo da Gyallesu. Wanda ya biya hayar shekara a Ɗanmagaji ko Wusasa sannan ya samo wa yara makaranta a Samaru, kuɗin Keke na kullum sai ya kusa kamo kuɗin makarantar, ga makara, ga yara su dawo a gajiye har Islamiyya ta gagara. Dillali kuwa ba ruwansa da wannan, la'adarsa yake nema. Wannan ma wani amfanin jiran ne: maigida na da wata bakwai ya zagaya, ya tambayi abokan aikinsa inda 'ya'yansu suke, ya ware makarantu biyu ko uku, ke kuma in kin zo hutu ki duba su da idonki.

Zuwa da kai ya fi aike, kuma akwai yadda ake zuwa. Na taɓa sa ɗana a wata makaranta saboda fentin gininta da motar ɗaukar yara mai kyalli. Sai da aka yi zango guda na buɗe littafin lissafinsa na ga rabon da jan biro ya taɓa shi tun makon farko, ashe malami uku aka canza musu a wata uku. Kyan ɗan maciji. Tun daga nan na koyi darasi. Ki je ranar karatu da hantsi, ba ranar da suka gayyace ki ba. Ki roƙi a nuna miki ajin da ɗanki zai zauna, ki ƙirga kawuna, ki ɗauki littafin yaro ɗaya da ke bencin baya ki duba kwanan watan aikin ƙarshe da aka yi masa maki. Ki leƙa banɗaki ki ga ko akwai ruwa. Ki tambayi malamar ajin shekararta nawa a makarantar, domin inda ba a biyan malamai da kyau ba sa daɗewa. Sannan ki dawo lokacin tashi ki tsaya bakin ƙofa cikin iyaye mata, ki yi sallama ki ce ke baƙuwa ce. A minti goma za ki ji abin da shugaban makaranta ba zai gaya miki a shekara ba. Maganar kuɗi kuma ki ce a rubuta miki na shekara gaba ɗaya, har da yunifom, littattafai, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, darasin yamma da bikin yaye ɗalibai. Kuɗin zango da ake faɗa a baki rabin labari ne.

Game da namijin, na fahimci abin da ke jan maigida. Barewa suna ne mai nauyi. A Katsina aka kafa ta a 1921, ta koma Kaduna, sannan ta zauna a Zariya a 1949, kuma ta hannunta Sardauna Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon da Murtala Muhammed suka bi. Wane uba ne ba zai so a ce ɗansa ya taka inda suka taka ba? Amma tarihi ba ya koyar da lissafi, malamin da ke aji yau shi ke koyarwa. Makarantar gwamnatin Jihar Kaduna ce, don haka maigida ya je ofishin ilimi na shiyyar Zariya ya ji yadda ake ɗaukar ɗalibai, musamman wanda ya yi firamare a wata jiha, ya kuma shiga ya ga ɗakin kwana da abinci da idonsa. Ita kuwa makarantar sojoji ta Zariya, wadda ta samo asali tun 1954, tana da fom nata da jarrabawarta da gwajin lafiya, daga duk faɗin ƙasa ake nemanta, kuma tarbiyyar soja ake yi a cikinta ba wasa. Wannan sai yaron da kansa yana so. Kada a tura ɗan shekara 11 fareti don burin babansa.

Tsoronki kuma ba shirme ba ne. Wanda ya ga abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 ba zai ce uwa ta cika tsoro ba. Sai dai ki lura, ɗaliban Kuriga da aka kwashe a Maris na 2024 ba a ɗakin kwana aka same su ba, da safe ne a makarantar jeka-ka-dawo. Abin dubawa shi ne inda makarantar take: cikin gari ce ko bakin daji, tana da katanga, wa ke gadinta. Ni dalilina na ƙin kwana a yanzu daban ne. Yaron zai bar garinsu, abokansa da malamansa a lokaci ɗaya. A ƙara raba shi da uwa da uba a wannan shekarar, kayan sun yi masa yawa. Kuma ga ku a gari ɗaya da makarantu, me ake ci da kwana? Ku ce wa maigida a yi ƙaramar sakandare a gida, in ya zana jarrabawar aji 3 a sake zama, lokacin ya yi ƙwari kuma kun san garin. Ba ki ce a'a ba, kin ce ba yanzu ba.

Na jeka-ka-dawo akwai su. Jami'ar Ahmadu Bello na da firamarenta ta 'ya'yan ma'aikata da sakandarenta ta Demonstration, wadda ake shiga ta hanyar jarrabawa, don haka a fara tambayar lokacin sayar da fom tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin birni akwai Alhudahuda, tsohuwar makarantar maza ta gwamnati. Na kuɗi kuwa, masu haɗa boko da haddar Alƙur'ani, ba sa ƙirguwa, kuma a cikinsu ne aka fi buƙatar irin binciken da na faɗa miki. Duk da haka ku yi masa rajistar jarrabawar shiga makarantun gwamnatin tarayya da NECO ke shiryawa, ya zana ta a Gombe. Samun gurbi a hannu ba ya tilasta muku karɓa.

Autar ba ta da matsala, mafi kusa da gida ita ce tata. Abin da za ki lura da shi a kanta da yayanta shi ne Islamiyya. Ki karɓo musu takarda daga malaminsu na yanzu mai nuna izu nawa kowa ya kai, don kada a mayar da su farko. Ki tambaya da wace ruwaya ake karatu, Hafsu ko Warshu, kada a rikita musu harshe. Zariya kuma gari ne da kowace fahimta ta addini ke da makarantunta, don haka maigida ya san su wa ke riƙe da makarantar kafin a kai yara.

Saura ƙanin maigida, kuma a nan ne nake ganin sauƙi ya ɓuya. Shi ba abin da ya ɗaure shi a Gombe. Me zai hana ya riga ku tafiya a Janairu? Yayansa ya samu ɗaki ɗaya su zauna, ya samu mai ɗebe masa kewa da mai tafasa ruwan shayi, ke kuma baki ɗaya ya ragu a tukunyarki. Amma a gaya masa gaskiya tun yanzu: zama a Zariya ba ya ba mutum gurbi a jami'ar. A jami'o'in tarayya tsarin da aka daɗe a kai shi ne kashi 45 na cancanta, kashi 35 na jihohin da jami'ar ke yi wa hidima, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma da jihar asali ake dubawa, ba da unguwar da kake haya ba. Wanda ya faɗi sau biyu, a zauna a duba: makinsa ne bai kai ba, ko kwas ɗin da yake nacewa a kai ne ya fi ƙarfin makin, ko akwai darasin da ba shi da kiredit? Sau da yawa yaro na maƙale wa likitanci ko lauya alhali makinsa zai ba shi wani kwas mai kyau. Ya sake yin rajistar JAMB a farkon shekara, amma kada ya tsaya a ƙofa ɗaya. Akwai shirin IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda in an ci ake shiga aji 2 na jami'a kai tsaye, akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtuwa. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka ɗaga zuwa jami'ar ilimi, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, inda difloma ta shekara 2 ke iya zama tsanin shiga jami'a, akwai Kwalejin Noma ta Samaru, ga kwalejin kiwon lafiya a Maƙarfi ba nisa. Ku dai sani makarantun jiha sukan caji wanda ba ɗan jiha ba fiye da ɗan gida, a tambaya kafin a sayi fom. IJMB kuma a yi ta a cibiyar da jami'ar ta amince da ita, domin masu buɗe shago da sunanta sun yi yawa.

Wannan binciken da zai yi, 'yarki ce za ta fi cin moriyarsa. Jami'ar Ahmadu Bello na da digirin aikin jinya, asibitin koyarwarta kuma, wanda babban gininsa ke Shika, na da makarantar jinya. Ita ma a wannan shekarar karatu za ta zana JAMB, don haka ki tabbatar ta samu lambar NIN, kuma sunanta da ranar haihuwarta sun zo iri ɗaya a NIN da rajistar WAEC da ta JAMB. Harafi ɗaya ya bambanta, sai ki ga ana yawon kotu ana rantsuwa. In ta cike makarantun Zariya a zaɓinta, ga shi za ta yi karatu tana kwana a ɗakin uwarta, abin da kike so tun farko.

Kafin ki bar Gombe, ko a Yuli ko kafin nan, ki sayi jaka ɗaya ta roba mai zif ki zuba takardun kowa: ta haihuwa, ta shaidar asalin ƙaramar hukuma, sakamakon zangunan baya, takardar canjin makaranta, shaidar kammala firamare ta namijin, katin rigakafin autar. Ki ɗauki hoton kowacce a waya ki tura wa maigida. Ki biya duk bashin da makaranta ke binku, don ba za su saki takarda ba sai an biya, kuma dawowa daga Zariya saboda takarda ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne.

Yau da daddare in ya kira, kada ki tayar da zancen. Ki tambaye shi me ya ci. Ki bari sai ya zo ƙarshen wata, ya huta, ya ci abin da ya yi kewa, sannan ki ɗauko takardar lissafin. Ki rubuto mini yadda kuka ƙare.